Jirgin Iska na Sallau Tela

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki kasuwar Wara ya san Sallau Tela, in bai san fuskarsa ba to ya san muryarsa. Hannu dai Allah ya ba shi, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Matsalarsa guda ce, bakinsa ya fi kekensa gudu. Babu sana'ar da Sallau bai iya ba a baki. In ana zancen noma shi ne sarkin noma, in an koma zancen su sai ya ce ya san kowane kifi har gidan ubansa. Alhali mutumin nan a kan tudu aka haife shi, kuma ko jirgin haya ya shiga sai ya riƙe gefen katako da hannu biyu har a sauka.

Matarsa Rahila ita ce mai riƙe da rumbun gidan. Kowace shekara in ruwan tafkin Kainji ya janye, yakan bar ƙasa mai laka a wani ɗan gungu, wato tsibiri, da ake hangowa daga bakin kwata. Can take shuka shinkafar da gidan ke ci har shekara ta zagayo. Noman gungu kuwa sharaɗinsa ɗaya, a kwashe kafin ruwa ya dawo, don in ya tashi dawowa ba ya sallama. Ƙaninta Benjamin mai jirgin inji shi ke kwaso mata buhunan duk shekara.

Wata ranar kasuwa Sallau na zaune a rumfar mai shayi ta bakin kwata, sai ga wani masunci ya zo wucewa a kwale-kwale. Ya kafa gora a tsakiya, ya ɗaura mata tsofaffin buhunan taki da aka harhaɗa, iska na tura shi, shi kuwa ya miƙe ƙafa yana cin gyaɗa. Sallau ya bi shi da kallo har ya ɓace, sa'an nan ya ajiye kofinsa.

Ya ce, "Ku dubi ɗinki don Allah. Wanga ko makaho ba shi yin shi. Amma ga shi yana tahiya ba mai, ba tuƙi. To ina ga in tela na gaske ya sa hannu?"

Benjamin na gefe yana tsoma burodi a shayi. Tsakaninsa da mijin yayarsa akwai wasa, kuma ba ya barin dama ta wuce shi. Ya ce, "Yaya Sallau, ruwa ba shi duba ɗinki. Bara da munka kai ka Yawuri, kai ne kac ce a sauke ka tsakiyar tabki ka ƙarasa da ƙahwa."

Rumfa ta ɗauki dariya. Sallau ya miƙe tsaye, tef ɗin awo na lilo a wuyansa, ya buga ƙirji ya ce kowa ya shaida, bana babu jirgin da zai ɗauko shinkafar gidansa sai nasa, kuma ko ɗigon fetur ba zai sha ba.

Maganar ta riga shi isa gida. Rahila ta saurare shi har ya gama, ranta bai so ba ko kaɗan, amma ba ta son a ce ta kunyata mijinta bayan ya yi magana a bainar jama'a. Ta kira shi yadda ta saba, da sunan ɗiyarsu, ta ce, "Baban Loveth, shinkahwar nan ita ta abincinmu. In ka ce ka iya, to. Amma ruwa ba shi jiran kowa." Ya ce ta sa ido ta sha kallo. Benjamin da ya ga an sallame shi sai ya karɓi aikin jigilar albasa zuwa Yawuri, ya kama gabansa.

Mai hankali zai fara da neman jirgi. Sallau da ƙyallen iska ya fara, don a ganinsa jirgi katako ne kawai, ƙyalle shi ne aikin. Ya ture ɗinkin mutane gefe, ya sayo yadi mai kauri, ja da ruwan ɗorawa da shuɗi. Ya yanka, ya haɗa, ya yi wa baki kalmasa. Ya zauna ya yi masa aiki a tsakiya irin na wuyan babbar riga. Da ya ɗaga ya duba sai ya ga baya bai yi kyau ba, zare duk a waje, shi kuwa bai taɓa sakin riga ba shafi ba. Saboda haka ya sayo wani yadin ya yi masa shafi tun daga sama har ƙasa. Har aljihu ya sa masa, wai don ajiye goro. Ranar da aka gama, ƙarti biyu ne suka taya shi ninkewa, kuma sai da ya sa aka yi masa guga.

Sa'an nan fa ya tuna da jirgi. Ya nufi wurin Malam Sahabi, wani dattijo da ke haɗa jirage a ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro. Bayan sun gaisa Sahabi ya ce, "To madalla. Mi za ka ɗauka da shi?"

"Komi da komi."

"Komi da komi ba shi da awo, Sallau. Kaya ko mutane? Su za ka yi ko hiton mutane? Nan kusa ko nesa?"

"Malam, in mutum ya zo mini ɗinki ba ni tambaya tai ina za shi da riga. Nuna mini jirage kawai."

Sahabi ya nuna masa wani mai faɗin ciki, irin na dakon buhuna. Sallau ya yatsine fuska ya ce wannan ai bahon wanki ne. Idonsa ya faɗa kan wani siriri dogo, irin wanda masunci ɗaya ke shiga da komarsa. Ya zaro tef ya auna shi daga kai zuwa gindi, ya auna ƙugu, ya ja da baya ya karkata kai.

"Wanga shi ad da tsari. Dubi yadda ya zauna."

"Buhu uku in ka sa mai, ya ƙoshi."

"Sai in yi sawu goma. Iska ai kyauta ta."

Sahabi ya ga mai saye ya nace, shi kuwa ba gaba yake da ciniki ba, sai ya sallama. Ya ɗauko filafilin tuƙi, da gorar dungure ƙasa, da ƙwaryar kwarfe ruwa, ya ce waɗannan tare suke tafiya da jirgi. Sallau ya mayar masa da su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce filafili na wanda ba shi da iska ne, ƙwarya kuwa ta mai jirgi mai yoyo ce, in kuma jirgin na yoyo a faɗa masa tun yanzu. Gora ɗaya ya karɓa, mafi tsawo, wadda zai rataya ƙyallensa. A hanyar gida ya tsaya ya sayi abubuwan da shi ya ga jirgi na bukata: kujerar roba mai hannu, da usur, da madubin babur.

Dije mai tuyar kifi ta gan shi yana ɗaure madubin a gefen jirgi. Ta ce, "Tela, madubin hwa na mi ne?"

"Na ganin waɗanda na bari baya."

Saura rataya ƙyalle. Masunta da igiya suke ɗaure nasu, ɗaurin zarge, yadda in iska ta yi yawa za su fizge ya faɗo. Sallau ya ce ɗauri aikin ragwaye ne. Ya ɗauko basilla da zaren buhu ya ɗinke ƙyallen a jikin gora, ɗinki biyu biyu, yadda ko giwa ta ja ba zai saki ba.

Ranar gwaji kwata ta cika. Sallau ya fito da sabuwar hula, ya hau kujerarsa, ya busa usur, ya sa aka tura shi. Abin da bai taɓa lura da shi ba duk zamansa a Wara shi ne, da damina iska daga cikin tafki take busowa zuwa gari. Ƙyalle ya cika fam, jirgi ya ɗan yi gaba da ƙarfin turi, ya tsaya kamar mai tunani, sa'an nan ya juyo da baya ya nufi wurin da mata ke wanki. Mata suka watse da zannuwa a hannu. Ya bi ta kan kwanon wankin wata, ya tsallake na wata, ya je ya soke hanci a cikin kwandon kifin da Dije ta ajiye tana wankewa.

Dije ta riƙe ƙugu. "To, ka ga waɗanda ka bari baya?"

"Gwajin komowa na yi. Jirgin da bai iya komowa gida ba, ba jirgi ba ne."

"Komowa kam ya iya. Sai ka tsince mini kihina."

Ya tsince, da hularsa da komai.

Gwaji na biyu ya zaɓi safiyar da ko ganye ba ya motsi, wai don kada iskar gari ta yi masa shisshigi. Ya sa aka tura shi da ƙarfi, jirgi ya yi nisan jifa ya tsaya cik. Ƙyalle ya rataye kamar wankin da aka manta. Rana ta ɗago ta same shi a nan. Agwagin wani gida suka zo suka kewaye shi suka wuce. Ya cire hula yana yi wa ƙyallen fifita, aka gan shi daga rumfar mai shayi, har mai shayin ya ƙona hannu don dariya. Da zafi ya ishe shi ya gwada tuƙi da tafin hannu, jirgi ya dinga juyawa wuri ɗaya. Sai da azahar wani masunci da ke komowa ya ɗaura masa igiya ya jawo shi. Sallau ya sauko ya ce wa jama'a ya auna zaman jirgin ne, kuma ya zauna daidai.

Ana wannan wasan, ruwa na aikinsa. Rahila da matan da ke taya ta sun yanke shinkafa, sun buge, sun ɗura a buhuna sun jera a wuri mafi tudu a gungun. Kullum a ɗan kwale-kwalen wata maƙwabciya suke ƙetarawa, wanda in sun shiga su huɗu ko tsintsiya ba ta da wuri. Kullum kuma in ta dawo da labarin da take zuwa da shi.

"Baban Loveth, ruwa ya ci inda munka yi bugu."

"Ina jiran iskar gabas."

Bayan kwana biyu ta ce, "Ruwa ya kai ga murhun da muke dahuwa."

"Iskar gabas na nan tahe."

"Bari in aika ma Benjamin."

"In kin aika mai, kin tuɓe mini riga a kasuwa."

Tsoro ya kama ta sosai, amma ta ƙara masa kwana.

Iskar gabas kuwa kowa a bakin tafki ya san da wa take zuwa. Ba ta zuwa sai da hadari. Ran nan da hantsi gabas ta yi baƙi ƙirin, irin hadarin bankwanan damina. Masunta suka yi ta rige-rigen fitowa suna jawo jirage kan tudu. Mata na kwashe shanya. Cikin wannan gudun sai ga mutum ɗaya yana tafiya a hankali zuwa ruwa, usur a baki.

Sahabi ya tare shi. "Sallau, kowa hita shikai, kai shiga?"

"Su ba su da ƙyalle irin nawa, Malam. Wagga iska tawa ta, ni na yi odar ta."

Ai kuwa ta zo. Ƙyalle ya buɗe da wata ƙara, jirgi ya zabura kamar an tsikari jaki, kujerar roba ta tafi da baya, Sallau ya tashi zaune a cikin jirgi ƙafafu a sama. Ya rarrafo ya rungume gora. A gaskiya, don kada a ci haƙƙinsa, ba a taɓa ganin kwale-kwale ya yi gudu irin wannan a Wara ba. Mutanen kwata suka bar abin da suke yi suka tsaya kallo. Shi ma da ya ga gungu na matsowa sai zuciyarsa ta dawo, ya lalubo usur ya hau busa.

Rahila na tsaye kan buhuna ita da matan, ruwa ya kusa taɓa na ƙasa. Ta ga ja da ruwan ɗorawa sun nufo ta, har ta ji daɗi, ta ce a ranta ashe dai mutumin nan zai fitar da ita kunya. Ta ɗaga hannu tana nuna masa inda zai tsaya.

A nan ne Sallau ya fara neman abin da ake tsayar da jirgi da shi. Ya duba dama, madubi. Ya duba hagu, kujera. Ya kai hannu zai sauke ƙyalle, ya tarar da ɗinkinsa, biyu biyu, ba inda ya saki.

"Baban Loveth, nan ne. Tsaya mana."

"Ina zuwa."

"Ina za ka?"

"Zan kewayo."

Ya wuce ta kamar motar da ba ta ɗaukar fasinja. Ta bi shi da ido, shi kuma ya gan ta a madubi tana ƙanƙancewa.

Sai ruwan sama ya sauko. Buhun taki in ruwa ya dake shi zubewa yake. Yadi mai kauri da shafi kuwa sha yake, kuma ƙyallen Sallau ya sha har ya ƙoshi. Gora ta fara sunkuyawa, jirgi ya karkata, ruwa ya fara shigowa ta gefe. Sallau ya cire sabuwar hula yana kwarfa da ita. Allah ya taimake shi, a gaba akwai ɗaya daga cikin matattun itatuwan nan da tafki ya shanye tun zamanin da aka yi dam, rassansa a waje. Ƙyalle ya je ya rungume itacen, gora ta karye, jirgi ya cika ya kwanta a gindinsa. Sallau, wanda bai taɓa hawa ko bishiyar gwaiba ba, ya tsinci kansa a reshe na sama, bai kuma san yadda aka yi ba.

Da ruwa ya ɗauke, gari ya yi wasai, kowa a kwata na iya hango shi: itace sanye da babbar riga, da mutum a kansa yana busa usur.

Can sai ga ƙarar inji. Benjamin ne ke komowa daga Yawuri, jirgi ba kaya. Ya rage wuta ya matso.

"Yaya Sallau, sannu da hutawa. Mi kake yi nan?"

"Ina duba hanya. Daga sama an fi gani."

"To Allah shi ba da sa'a. In tahi?"

"Tunda ka zo, matso in sauka."

Benjamin ya duba reshen ya ga mai ƙwari ne, ya waiga ya hango yayarsa a gungu tana ɗaga zane. Ya ce bari ya tambayo mai kaya. Ya je ya tarar da ruwan sama ya jiƙa buhunan sama, na tafki ya shiga na ƙasa, Rahila na tsaye cikin ruwa har idon sawu.

"Yaya, wa za a hwara ɗauka, shi ko shinkahwa?"

"Reshen na riƙe da shi?"

"Ƙam."

"Shinkahwa ba ta da reshe. Ɗauko buhu."

Hanyar kwata kuwa ta gindin itacen nan ta bi. Duk sawun da Benjamin ya yi sai ya rage wuta ya gaishe shi. A sawun farko ya tambaye shi ko hanya ta yi kyau. A na biyu ya miƙa masa ƙullin gyaɗa a bakin gora. A na ƙarshe Rahila na zaune kan buhuna, ba ta ko ɗaga kai ba. Sai da aka sauke komai sa'an nan aka koma aka ɗauko tela, aka ɓamɓaro ƙyallensa daga rassa, aka jawo jirgin a baya.

Ya sauka a kwata ba hula. Mai shayi ya miƙo masa kofi ya ce na matuƙa ne, kyauta. Dije ta ce a ba shi hanya, mutumin da ya kai gungu ya wuce ba ƙaramin mutum ba ne. Sallau ya buɗe baki zai yi bayanin yadda iskar ta saɓa alkawari, sai ya hangi Rahila. Ta kwance buhun ƙasa ta tura hannu ciki, ta fito da shinkafa jiƙe sharkaf, ta tsaya tana dubanta. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ya fasa bayanin. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, don ya san tun shuka bai taɓa taka gungun nan ba, ita kaɗai ta sha ranarsa.

Jiƙaƙƙiyar shinkafa in ta kwana biyu a buhu tsiro take, saboda haka dole a baza ta. Aka tattaro tabarmin gida da na maƙwabta, ba su ɗauki ko rabi ba. Rahila ta dubi tulin yadin da ke ɗiga a bakin ruwa.

"Baban Loveth, almakashinka na nan?"

Yana nan, a aljihu, inda yake kullum.

"Farke mini shahin nan. In an raba, ya yi shimhiɗa biyu."

A gaban duk wanda ya shaida rantsuwarsa, Sallau ya durƙusa ya bi ɗinkinsa yana farkewa. Aiki ne mai ƙarfi, ya ci masa lokaci, har Sahabi ya ce shi dai bai taɓa ganin ɗinki mai taurin wannan ba. Washegari aka shimfiɗa ƙyalle da shafinsa a filin bakin kwata, aka baza shinkafa a kan ja da shuɗi da aikin wuyan riga. Buhu biyu na ƙasa sun riga sun lalace, sauran Allah ya tsare. Rahila ta miƙa masa sanda ta nuna masa inda zai zauna, ta ce aikinsa korar kaji da awaki har ta bushe.

Ya zauna shiru har rana ta take, abin da ba a taɓa gani ba. Sai wani baƙo da ya sauko daga jirgin Shanga ya tsaya yana mamakin shimfiɗar, ya tambaya wane ne ya yi wannan aiki. Sallau ya gyara zama. Ya yi gyaran murya, ya nuna kalmasar da bakin sanda, ya ce tun daga nan har Yawuri, a tambayi kowa, babu matar da aka taɓa ɗinka wa abin shanya irin na matarsa, kuma dama tun farko shi abin da ya nufa ke nan.

Rahila na durƙushe tana juya shinkafa da hannu. Ba ta ɗago ba.

"Baban Loveth," ta ce, "ga akuya can bayanka tana ci."